Takalma Huɗu na Ƙadandoniya

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, kunnuwanmu na jira.

Ƙadandoniya ce, mai ƙafa ɗari, ta sami aikin tattake barkono a kamfanin Giwa. Ita Giwar tana can ƙetaren teku, Kura ke riƙe mata wurin. Kwana uku da farawa, ƙafafun Ƙadandoniya duk suka sale. Sai ga saƙo daga Giwa, wai a ba kowane ma'aikaci takalma huɗu, don kamfaninta ba ya tauye haƙƙin kowa.

Ƙadandoniya ta juya takalman, ta dubi ƙafafunta, ta ce, “Ranki ya daɗe, wanne zan sa wa?”

Kura ta ce, “Na gaba mana. Su baƙo ke gani.”

Rannan Dila mai bincike ya zo. Ya duƙa ya ƙirga takalma huɗu cif, ya ce madalla.

Ta ce, “Malam, sauran casa'in da shidan fa? Jini suke yi.”

Ya duba takarda ya ce, “Huɗu kamfani ya sani. Sauran ke kika ɗauko su aiki, haƙƙinsu na wuyanki.”

Kanta ya ɗaure. Ta ce, “To, gobe sai in bar su a gida su huta.”

Kura ta daka mata tsawa, “Ƙafa ɗaya ta yi fashi, a bakin aikinki!”

Shi ya sa har yau in ka taɓa Ƙadandoniya sai ta nannaɗe. Tambayar ƙafafunta take yi, ɗaya bayan ɗaya, wa ya ɗauke su aiki.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.