Mita a Ɗakin Mai Takaba

An ce wai, kuma Allah ne Mafi sani, an yi wani alƙali a wani gari ana kiransa Malam Zubairu, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsoron Ubangijinsa. A zamaninsa wani tela mai suna Isiyaku ya rasu, ya bar matarsa Saudatu da marayu ƙanana. Baƙuwa ce a garin, ba ta da wa, ba ta da ƙane, ba ta da kawu. Abin da ya rage mata na rufin asiri shi ne wani tsohon firji da take yin ƙanƙara a ciki, maƙwabta su saya, ta sami na cefane.

Tun mamacin yana raye ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin wutar lantarki, cewa duk wata akwai ranar da za a buɗe wa ma'aikacinsu ƙofa ya karanta mita da idonsa, in kuwa aka yi ta hana shi, a yanke wutar. Mitar kuma tana can cikin ɗakin mamacin, inda Saudatu take zaman takaba.

Ranar karatu ta zo, ma'aikacin ya yi sallama, ta amsa daga bayan ƙyaure cewa babu namiji a gidan. Wani watan ma haka. Sai kamfani ya aiko cewa za a sauke wayar gidan. Mai unguwa ya kai maganar gaban alƙali, shi kuwa bai yarda a fito da mai takaba ba. Ya taso da kansa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaurenta, ya sa aka kira wakilin kamfanin, Malam Haladu.

Haladu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu ba mugunta muka zo yi ba. Alkawari ne, mijinta ya sa hannu da ransa da lafiyarsa. In muka ɗage wa wannan gida, gobe kowane gida a unguwar nan zai wayi gari da uzuri."

Daga bayan labule Saudatu ta ce, "Malam, ban ce ba zan biya ba. Amma mutumin da a ɗakin nan aka yi masa wanka, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba in shigo da baƙon namiji, ni kaɗai da yara? In sun yanke, ƙanƙarar ta narke, to, Wanda ya ba ni marayun Shi zai ciyar da su."

Alƙali ya ga maganar da nauyi, domin cika alkawari wajibi ne, kiyaye mutuncin mai takaba shi ma wajibi ne. Sai ya ce, "Haladu, wannan mita taku, tana da mantuwa irin tamu ta tsofaffi?"

"Ina! Ai ba ta mantuwa, Allah ya gafarta Malam."

"In wata ya wuce ba a leƙa ta ba, takan yi fushi ta zubar da abin da ta ƙirga?"

Mutanen zauren suka murmusa. Haladu ya ce, "Tana nan tana tarawa, ko shekara za a yi."

Alƙali ya ce, "Ashe kuna da shaida a cikin ɗakin, wanda ku kuka zaɓe shi, ku kuka kafa shi a bango, ba ya barci, ba ya karɓar toshiya, zamansa kuma bai keta alfarmar kowa ba. In kun amince da shi, haƙƙinku yana hannunsa a ajiye, jinkiri ba zai rage shi ba. In kuwa ba ku amince da shi ba, me kuke gaggawar shiga ku karanta? Ita wannan baiwar Allah, kwanakin da Allah ya ƙayyade mata sau ɗaya za su wuce, babu mai ajiye mata su. Na hukunta a mayar da ranar karatu zuwa washegarin fitarta takaba. Kafin nan kada hannu ya taɓa wayar gidan nan."

Haladu ya ce, "Na ji, na bi."

Da ranar ta zo, matan unguwa suka raka ma'aikacin har ɗakin. Ya tarar da rigar mamacin rataye a ƙusa a saman mitar, sai da ya ɗan kawar da ita da yatsa kafin ya ga lambobin. Ya rubuta, ya mayar da rigar yadda take, ya yi wa mai ita addu'a, ya fita.

Allah ya jiƙan magabata. Idan haƙƙi biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya, wanda jira ba ya cinye shi, shi ne zai tsaya a waje.