Hannuna Ne Takardata

Huseina mai daddawa ce ta fara ba ni labarin nan, ranar kasuwar Ɗanbatta, muna zaune muna jiran mota ta cika. Da mijin yayarta abin ya faru, don haka ba ji-ta-ji-ta ba ce.

Akwai wani mutum a wani ƙauye kusa da Bagwai, sunansa Sama'ilu. Da damina manomi ne, da rani kuma wankin kafet da darduma yake yi a bakin dam. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a. Ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai yake saɓa jiƙaƙƙen kafet ɗin masallaci a kafaɗa. Kuma ya iya aikinsa, wannan kam ba mai musu.

Yana da wani haɗi nasa da yake ji da shi. In tabo ya gagara a farin kafet, sai ya zuba bilic, ruwan nan mai farar da tufafi, a bokiti, ya ƙara ruwan nan mai ƙarfi na wanke masai. Abin ya taso da wari, ya kau da kai, ya goga. Ko manja ne sai ya fita.

Wata rana matarsa Kaltume ta ji a rediyo cewa ƙungiyar masu wankin kafet za ta ba da horo a Kano, kwana uku, a ba mutum takardar shaida.

Ta ce, “Malam, ka je mana. Kwana uku ne fa kawai.”

Ya yi dariya har da buga cinya. “Yaran da aka haifa ina wanki, su za su zaunar da ni a benci? Takarda tana fitar da manja ne? Hannuna ne takardata.”

“Hannu ba ya karanta abin da ke jikin kwalba.”

“To malama, ke ki je ki karɓo mana, mu liƙa a ɗakin girki.”

Bai je ba. Abokin sana'arsa Tajuddeen ya je. Wata guda Sama'ilu yana kiransa Furofesan Kumfa.

Ana nan sai aka kira shi aiki gidan wani Alhaji a birni. Kafet fari, an manne shi da ƙasa tun daga bango har bango, ba ya ɗaguwa balle a kai shi dam. Tagogin falon gilashi ne a rufe ruf saboda na'urar sanyi. Sama'ilu bai taɓa wanki a cikin ɗaki ba. Ya tura ƙofa ya rufe don kada yaran gidan su taka masa aiki. Ya yi haɗinsa, har ya ƙara hannu don falon babba ne. Ya durƙusa a kai.

Direban gidan ne ya tsince shi a bakin ƙofa, idanu jajur, yana jan numfashi kamar ana zuga zugazugi.

Kwanansa goma sha tara a asibiti. Likita ya ce wa Kaltume, “Abubuwan nan biyu in sun haɗu guba suke fitarwa. Ta ƙona masa huhu.”

Ta ce, “Likita, shekara ashirin yana haɗa su.”

“A ina?”

“A bakin dam.”

Ya ce, “To iska ce take kwashewa.”

Kun ji fa. Duk shekarun nan iskar Allah ce ke cetonsa, shi kuwa yana cewa gwaninta ce.

Da aka sallamo shi, Tajuddeen ya zo dubiya. Sama'ilu yana jingine da bango, magana ɗaya hutu ɗaya. Ya ce, “Furofesa, don Allah, sun faɗa muku wannan?”

Tajuddeen ya sunkuyar da kai. “Allah ya ba ka lafiya, bar maganar.”

“Faɗa min.”

“Sun faɗa. Ranar farko.”

“Ranar farko?”

“Kafin azahar ma.”



Yau shekara biyu ke nan. Bai mutu ba, bai kuma warke ba. Mutumin da ke saɓa kafet ɗin masallaci, yanzu buta ma sai an ɗauko masa. Daga ƙofar gidansa zuwa masallaci sau uku yake zama. Gonarsa maƙwabci ke nomawa ana raba amfani. In Kaltume za ta yi wanki, bayan gida take zagayawa, don warin sabulu kaɗai tayar masa da tari yake.

Ni dai da na ji, sai na tuna ina da nawa laifin. Ɗana Kamaruddeen wannan sana'ar yake yi a Bacirawa, da mata da 'ya'ya huɗu. Makon da ya wuce ya ce min zai je irin wannan horon, na ce masa, “Ana girbin gero za ka tafi neman takarda? Takardar za mu tuƙa?” Ya fasa, don ba ya tsallake maganata.

Washegarin ranar da na ji labarin, ban ko kunce kayan kasuwa ba. Na yafa mayafina na shiga motar farko zuwa Bacirawa. Na same shi yana ɗaure bokitai a babur. Na ce, “Sauke. Ni na hana ka, ni na zo in kora ka wurin horon. Gero ya jira.” Na zauna a dakalin ƙofar gidansa, ban tashi ba sai da ya dawo ya ce an rubuta sunansa.

Darasi: Takarda ba ta wanke kafet, gaskiya ne, amma ilimin da ke bayanta yana tsare ran mai wankin. Daɗewa a sana'a ba shi ne sanin komai ba, wani lokaci sa'a ce ba ta ƙare ba tukuna. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana aiki da sinadarai, tun yana da numfashin da zai ji haushinku.