Yadda Aka Mayar wa Sarki Tunau Ƙayarsa

Masu ba da wannan hikaya sun saba ɓata ta a wuri biyu. Sukan ce Sarki Tunau mutum ne da son fure ya mantar da shi talakawansa. Sukan kuma ce Waziri Cindo ya tashi ya cinna wa daji wuta, magana ta ƙare. Duka biyun kuskure ne. Sarki Tunau ba wawa ba ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san wuta ba ta kashe wannan itace, share masa fili take yi. A natsu a ji yadda abin ya kasance.

A zamanin da, a wata ƙasa mai yalwar dawa da shanu, mahaifiyar Sarki Tunau, wadda ake kira Mai Babban Ɗaki, ta kwanta da zazzaɓi da tari har aka fara yanke ƙauna. Ana cikin haka wani falke ya iso daga kudu da ɗan itace a cikin tukunya. Tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Rassansa cike suke da ƙananan ƙayoyi, ganyensa yana da kaushi da ƙamshi mai hawa kai, furensa kuwa dunƙule-dunƙule ne, yakan buɗe rawaya, ya koma ruwan goro, ya ƙare ja wur. Aka dafa ganyen, tsohuwa ta yi surace, ta kurɓi kaɗan. Ba a jima ba ta tashi zaune, ta nemi tuwo, ta ce miya ba gishiri. Da jin faɗanta fada ta san ta warke.

Don murna, Sarki ya dasa itacen da hannunsa a tsakar gida, ya rantse a gaban fadawa cewa da yardarsa ƙarfe ba zai taɓa shi ba, wuta ba za ta ci shi ba. Ya ɗora doka a kan rantsuwar: wanda ya sare shi zai bar ƙasar.

Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne 'ya'yan itacen, ƙanana baƙaƙe masu zaƙi, waɗanda tsuntsaye ke so. Da aka zo da labari cewa wani ya tsiro a bakin rijiyar kasuwa, Sarki ya yi murmushi ya ce, "Duk inda ya fito, nawa ne." Mutanen gari suka raɗa masa suna Ɗan Lele.

Damina ta bi damina. Ɗan Lele ya cika burtali, ya toshe hanyar rafi, ya shiga gonaki yana sarƙewa kamar an saƙa shi. Saniyar da ta ci ganyensa sai ta kwanta ciwo. Manoma suka riƙa kewaya shi da garma cikin ladabi, suna gaishe shi da baki, suna tsine masa a zuci.

Waziri Cindo, dattijo mai taushin murya da dogon tunani, ya sami Sarki a keɓe ya faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana. Sarki ya nisa ya ce, "Waziri, na ji, na kuma gani da idona. Amma sarkin da ya karya rantsuwar da ya yi a kan itace, wa zai amince da wadda ya yi a kan mutum?"

Waziri ya koma ya sa aka koro awaki, tunda haƙorin akuya ba ƙarfe ba ne. Awaki suka shinshina, suka yi atishawa, suka juya suka cinye waken Liman.

Ana nan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, sai dogarai suka shigo da Barmo. Barmo manomi ne, ɗan kawun Waziri, wato taubashinsa, abokin tsokanarsa tun suna yara. Ɗan Lele ya cinye masa gonar gado har ba inda zai jefa iri, sai ya zari adda da rana tsaka ya hau sara yana waƙa. Sarki ya ce a tsare shi zuwa zaman fada na gaba.

Waziri ya je gidan yari duba shi. Barmo na hango shi ya ce, "A'a, bawana ya zo gaida ubangidansa! Shigo, amma sunkuya, kada wannan kabewar rawanin da ke kanka ta maƙale a ƙofa."

Waziri ya ce, "Kai dai ba ka da rabon hankali. Da za ka yi ɓarnar, ai sai ka yi shiru. Har da waƙa?"

"To in yi kuka? Na shekara ina gaida ƙaya, ƙaya ba ta taɓa amsawa ba." Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya rage murya. "Cindo, kabarin kawunka yana gefen gonar nan. In aka kore ni, wa zai riƙa share shi? Yarana kuma su ce su 'yan ina ne?"

Waziri ya fita ya nufi gida. Da yammacin ranar ruwan farko ya sauka, mai yawa, har ƙasa ta sha ta ƙoshi.

Washegari da hantsi yana zaune a zaure, tunani ya ƙi ba shi hanya, sai ya ji uwargidansa Kyallu tana kururuwa daga cikin gida. Ya shiga da sauri. Jiminar Sarki ce ta ɓalle daga fada, ta shigo ta tsaya a kan tabarmar da aka shanya kuɓewa, tana haɗiya ɗaya bayan ɗaya, tana duban kowa da raini. Kyallu ta ɗaga muciya sama, amma hannunta ya tsaya a can.

Dalili kuwa, a ƙasar akwai al'ada tun ta kakanni. Abin Sarki in ya ɓata ya shiga gidan talaka ko gonarsa, ba a dukansa, ba a kuma riƙe shi. Mayar da shi ake yi ƙofar fada, a karɓi goron tukuici, Sarki ya biya ɓarnar da ya yi.

Kyallu ta ce, "Malam, ka tsaya kallona? Ka fitar mini da wannan mai dogon wuyan kafin in manta ko ta wace ce!"

Waziri ya tattare riga ya shiga korar jimina. Ta yi dama, ya yi dama; ta yi hagu, rawaninsa ya yi gaba. A gindin katanga wani ƙaramin Ɗan Lele ya kama masa gefen riga. Ya fizga da haushi, sai ga itacen ya biyo shi ɗungurungum, da saiwarsa da komai, domin ƙasa ta yi laushi.

Ya tsaya cak. Ya dubi itacen da ke lilo a rigarsa, ya dubi jimina, ya sake duban itacen. Sai ya fashe da dariya har ya dafa katanga.

Kyallu ta ce, "Innalillahi! Kuɓewata ta tafi, yanzu kuma hankalin mai gida ya bi ta."

Bai sake riga ba. Haka ya kora jimina har fada, ya tarar an cika, an gurfanar da Barmo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, aka miƙa masa goronsa, sa'an nan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsufa ya fara taɓa ni. Ina roƙon a tuna mini al'ada. Wannan goro na mene ne?"

Sarki ya ce, "Na wanda ya mayar da abin Sarki."

"In da ɗan jiminar ne ya ɓata, ba uwar ba?"

"Ɗan abin Sarki, abin Sarki ne."

"In talaka ya bar shi ya zauna a gonarsa, bai kawo ba?"

"Ya yi laifi."

"Allah ya ja zamaninka, in abin ba ya tafiya da ƙafarsa fa?"

"A ɗauko shi."

"In ya kafe, ya ƙi tashi?"

A nan Sarki Tunau ya dubi yagaggen gefen rigar Waziri, ya ga ɗan itacen da ke maƙale da ita, saiwarsa na zubar da ɗanyar ƙasa a kan shimfiɗar fada. Ya daɗe yana kallo. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga amawalin da ya rufe bakinsa yana motsi, kamar mai ɓoye dariya. Da ya buɗe baki, sai ya ɗaga murya yadda sanƙira mai shela da ke bakin ƙofa zai ji sarai.

"A ciccibo shi gaba ɗaya, kada a bar ko yatsarsa a baya. Ba da ƙarfe ba, ba da wuta ba. Kuma ina mamakin mutanen ƙasar nan, da suka riƙe mini kayana shekara da shekaru ba wanda ya kawo."

Kafin azahar ganga ta zaga gari da ƙauyuka. Aka fito kamar ranar gayya. Maza suka naɗe hannu da tsofaffin fatu, suka feƙe turaku na itace suna zurawa a gindi suna ɓanɓarowa. Mata suka bi da igiya suna ɗaurewa. Makiyaya suka buɗe burtali suna kirari. Makaɗa suka tsara waƙa nan take, amshinta, "Ɗan Lele, koma gida, Sarki na kira," har Liman, wanda bai manta da wakensa ba, aka gan shi yana jan wani ƙato yana gyaɗa kai. Aka yi kwanaki ana yi, ana tsere da ƙasa kafin ta bushe.

Kowa ya kawo nasa sai ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga kayanka," ya miƙa hannu. Goron fada ya ƙare, aka koma dabino, dabino ya ƙare, aka koma "Sarki ya gode." Tsibin ƙaya ya kere soron ƙofa, ja da rawaya da ruwan goro, har sai da aka fitar da Sarki ta ƙofar barga ya zagayo ya gani. Ya tsaya gabansa ya yi dariyar da rabon a ji irinta tun ranar da mahaifiyarsa ta warke.

Waziri dai bai yi dariya ba tukuna, domin Barmo na tsare. Al'ada ta buɗe gonaki, amma ba ta goge saran adda ba.

Sarki ya sa aka kawo shi nan gaban tsibin, ya ce, "Barmo ya sa ƙarfe inda na hana. Laifi ne. Ni kuma kayana sun ci gonarsa, da ta kowa, ban biya ɓarna ba. Wannan ma laifi ne, kuma ya girmi nasa. In mai laifi zai bar ƙasa, sai mu kama hanya tare."

Barmo ya dungura goshi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni zan riƙe maka buta. Waziri ya ɗauko tabarma, dama aikinsa ne a gidanmu."

Fada ta kece da dariya. Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Rantsuwa tsakanina da Ubangijina ce, ban karya ta ba. Doka kuwa ni na kafa ta, na ɗage ta. Za a buɗe rumbuna a ba kowane mai gona iri, biyan ɓarna. Kai kuma Barmo, ba za ka tafi haka ba. Na naɗa ka Sarkin Ƙaya. Itacen da ke tsakar gidana zai zauna, don Mai Babban Ɗaki da duk mai tari. Kai za ka riƙa tsinke 'ya'yansa tun suna kore, kafin tsuntsu ya gani. In na sake jin ya tsiro a gonar wani, kai za ka ciccibo shi."

Aka tsige ganyen tsibin aka shanya, aka rarraba wa masu magani. Rassan kuwa rana ta busar da su, ita da ba ta cikin rantsuwa, aka yi wa jimina shinge da su. Ba ta sake fita ba, abin da ya fi komai faranta ran Kyallu.

Ranar naɗi, Waziri da kansa ya naɗa wa Barmo rawani, ya kuma yi shi da girma da gangan. Barmo ya shafa ya ce, "Bawana, wannan kabewar ai ta fi taka." Waziri ya ce, "Sunkuya in za ka shiga ƙofa." A wannan shekara aka shuka gonar gado har gefen kabarin, dawa ta yi kyau.

Saboda haka, in ka ga wannan itace a bakin shingenka, kada furensa ya ruɗe ka, kada kuma ka sare shi ko ka ƙone shi. Jira ruwan farko, ka naɗe hannunka, ka tumɓuke shi da saiwarsa. In kana son ganyen, bar guda ɗaya a tukunya, ka riƙa tsinke 'ya'yansa tun suna kore. In kuma za ka ba wani labarin nan, ka faɗa masa Sarki ya ga gefen rigar, ya kuma gane dabarar.