Layuka Biyu a Filin Gishiri

A wani zamani mai tsawo, can bayan ƙasashen da fatake suka sani, an yi wani sarki a Birnin Dalma mai suna Tanimu, wanda Allah Ya hore wa mulki da dukiya, amma Ya jarabce shi da taurin kai. Ya sa aka fitar masa da hanya miƙaƙƙiya ɗoɗar ta tsakiyar Filin Gishiri, dattawa suna ce masa za ta gitta hanyar aljanu, ya yi kunnen uwar shegu da su. Ranar da aka gama aikin, guguwa ta shigo fada ta sure 'yarsa tilo, Gimbiya Tasalla, ana saura kaɗan a ɗaura mata aure da wanda take so, Yarima Jatau na ƙasar Gabas.

Tasalla ta farfaɗo a tsakiyar wani farin fili wanda babu itace, babu tsuntsu, babu ko inuwa sai tata. A gabanta ga Gurmusu, sarkin aljanun wurin, ya ja miƙaƙƙen layi a ƙasa da sandarsa ta baƙin ƙarfe. Ya ce, "Ya ke 'yar sarki, ubanki ya keta mini hanya, ke kuwa za ki bi tawa. Duk ƙafar da ta sauka daga layin da na ja, mai ita ya zama gishiri." Ya ba ta goran da ruwansa ba ya ƙarewa, ya ɓace.

Allah Sarki! Ta yi ta tafiya har takalmanta suka cinye, tana yi wa kanta hira don kada ta manta muryar mutum.

Ana nan sai wata safiya ta hango mutum a hannun damanta. Jatau ne, ya baro ƙasarsa ya biyo sawunta, aljanin ya kama shi ya ja masa nasa layin daura da nata, kamar kunyoyin gona. Ta ƙwala masa kira, iska ta kwashe. Suka yi ta sauri suna zaton a gaba layukan za su haɗu, amma ina! Tazarar da ke tsakaninsu yau, ita ce gobe, ita ce baɗi. Tana ganin ramarsa, yana ganin kukanta, ba mai jin wani. Wannan kaɗaici ya fi na farko ciwo.

Da ta gaji ta kira Gurmusu, ta ce, "Ranka ya daɗe, horo ya yi horo. Ka karkato layinsa wajen nawa, ko da faɗin gashi ne."

Aljanin ya kece da dariya, ya ce, "Zan yi, amma ki sani, miƙaƙƙun layuka biyu in sun haɗu, wuri ɗaya tak suke haɗuwa, daga nan sai rabuwa, kullum tazarar tana ƙara faɗi. Bayan mahaɗar, layinki zai kai ki gidan ubanki, nasa ya kai shi nasa, kuma ba mahalukin da zai sake ƙetare wannan fili har abada. Ganin nesa kullum kike so, ko haɗuwa ɗaya?"

Ta dubi Jatau can nesa, ta ce, "Haɗuwa."

Tun daga ranar tazarar ta riƙa raguwa. Ta fara jin tarinsa, sannan sallamarsa, har ranar da suka tsaya a mahaɗar, wurin da bai fi tabarmar salla ba. Ya riƙe hannunta. Tasalla ta sunkuyar da kai don ɓoye hawaye, sai idonta ya faɗa kan ƙafafunsu, wata dabara ta faɗo mata.

Ta ce, "Yarima, dubi inda muke tsaye. Wannan wurin naka ne, kuma nawa ne. Wanda ya bi ɗan'uwansa daga nan bai sauka daga layin da aka ja ba. Ni zan bi naka, ubana ya yi haƙuri."

Jatau ya dubi nasa layin, wanda ya miƙe zuwa ga tsohuwar da ta haife shi da gadon sarautar da ke jiransa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Gimbiya, mahaifina yana da wasu 'ya'ya, naki ke kaɗai ce." Kafin ta buɗe baki ya taka nata layin, kuma bai zama gishiri ba. Gurmusu ya yi tsaki, ya karya sandarsa don haushi.

Suka iso Dalma ɗaya na bin ɗaya. Sarki Tanimu, wanda baƙin ciki ya tsofar da shi, ya sa aka rufe hanyar nan tasa, aka ɗaura aure, gari ya yi ta shagali.

Amma har suka yi furfura, in la'asar ta yi sanyi, Tasalla takan nemi mijinta ta rasa. Ta san inda yake: kan ganuwa, yana kallon gabas. Ba ta taɓa ce masa ya sauko ba. Takan hau ta tsaya kusa da shi, kafaɗarta tana taɓa tasa.