Sanƙira da Kalmomi Goma Sha Biyu

An ce wani sarki aka yi, ba a zamanin takobi da sulke ba, a wannan zamanin namu na waya a aljihu. Allah ya ba shi kirki da kyauta, ya kuma haɗa masa da taurin kai. Garinsa na fama da ƙarancin ruwa, sai 'ya'yan garin da ke fatauci a ƙasashen waje suka yi karo-karo don a gina madatsar ruwa. Sai dai ba tsabar kuɗi suka aiko ba, kirifto suka aiko, wato kuɗin nan na intanet da ba a ganinsu balle a taɓa. Suka ce a adana, kowace shekara za su ƙara, in an shekara bakwai a fara aiki.

To, ina aka ajiye amanar gari? A cikin wayar sarki. Wayar da dogari ke riƙe masa, wayar da ake kaiwa caji shagon ƙofar fada in an ɗauke wuta! Wannan abu ya hana Waziri Sambo sukuni. Ya faɗa da hikima, ya faɗa da karin magana, har ya faɗa ƙiri-ƙiri, amma sarki sai ya yi murmushi ya ce, "Waziri, ka cika tsoro." Sai da wayar ta kwana biyu a shagon caji ba wanda ya tuna da ita, sannan sarki ya ce a nemo ma'ajiya.

Waziri ya nufi wurin Nomau, wani tsohon maƙeri mai ƙera kwaɗo da makulli, wanda fatake masu irin wannan dukiya suke zuwa neman shawararsa. Ya kawo shi fada da toka a gemunsa. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa.

Al'adar fadar kuwa, sarki ba ya ɗaga murya. Yakan yi magana ƙasa-ƙasa, sanƙirarsa Ilu, wanda ya shekara talatin yana wannan aiki, ya ɗaga ta kowa ya ji. Ta bakin Ilu sarki ya tambaya, "Wace ma'ajiya ce ɓarawo ba ya fasawa?"

Nomau ya ce, "Ya sarki, wadda ba ta da ƙofa a kan hanya. Waya kullum ƙofarta a buɗe take ga duniya." Ya ciro wata 'yar na'ura da ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya ce wannan ba ta hawa intanet, don haka ɓarawon nesa ba ya iya kai mata.

"In ta faɗa rijiya fa?"

"Ya sarki, dukiyar ba a cikinta take ba. Ran da aka kunna ta za ta nuna kalmomi goma sha biyu. Duk wanda ya san su, shi ne mai dukiyar, ko yana bangon duniya. Shi ya sa ake buga su a jikin ƙarfe, inda wuta ba ta ci, gara ba ta ci. Ni ma in fatake suka zo, guduma nake ba su su buga da kansu, in juya baya."

"To, wa ya cancanci ya riƙe kalmomin?"

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya sarki, kowa ma, ban da sarki."

Waziri ya ji kamar ya nutse, yana cewa a ransa, wane tsautsayi ya kai ni maƙera yau? Sarki ya fusata. Ya ce shi da ya haddace sunayen kakanninsa arba'in, kalmomi goma sha biyu ne za su gagare shi? Ya karɓi na'urar ya kunna, ya kwafe kalmomin a takarda da hannunsa, ya ce, "Waziri, kwashe dukiyar nan kaf ka zuba a ciki, yanzun nan."

Nomau ya ce, "Ya sarki, mai sayen tulu yakan zuba ruwa kaɗan ya ga ko yana yoyo."

"Na ce kaf!"

Waziri ya karɓi wayar. Saɓa umarnin sarki a gaban fada, hukuncinsa tuɓe rawani ne da barin gari. Amma ya tuna matan garin da ke tafiyar rabin yini da tulu a ka, haushi ya turnuƙe shi. Ya tura abin da bai wuce kuɗin rago ɗaya ba, ya bar sauran inda suke, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Sarki ya gyara zama. Ya ce takarda ta marasa ƙwaƙwalwa ce, shi haddacewa zai yi ya ƙone ta. Ya ɗaga ta dab da fuskarsa, ya fara bita ƙasa-ƙasa yadda aka koya masa hadda tun yana ƙarami.

Ilu kuwa shekara talatin bai taɓa ganin leɓen sarki ya motsa ya yi shiru ba. Ya kai kunne, ya cika ƙirji da iska, ya kwarara, "Sarki ya ce, kalma ta farko!" Ya faɗe ta tiryan-tiryan. Waziri ya yi tsalle yana ɗaga hannu, amma ina! Fadawa sun ɗauka da "Gaskiya ne, zaki!", muryarsa ta ɓace a ciki. Sarki ya nutsa a haddarsa, kunnensa kuma ya daɗe da daina jin Ilu, kamar yadda mai gida kusa da injin niƙa ba ya jin ƙararsa. Haka Ilu ya jero goma sha biyun, har da maimaici don na baya, alhali rabin fada sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar bidiyo.

Kafin a kira la'asar Waziri ya duba, ya tarar an share ma'ajiyar tas. Waye ya kwashe? Allah kaɗai ya sani.

Da sarki ya ji, sai baƙin ciki ya rufe shi. Ruwan gari ya tafi, amanar mutane ta tafi. Baƙin ciki ya koma fushi, ya nuna Ilu da yatsa, yau da muryarsa shi kansa, ya ce a kama shi a fitar da shi daga gari.

Nomau ya ce, "Ya sarki, ina da tambaya. Ran da Ilu ya ji ka yi magana ya yi shiru, me za a yi masa?"

"A kore shi."

"Yau da ya faɗa fa?"

Sarki ya sauke yatsan da ya nuna Ilu da shi.

Nomau ya ce, "Ba raina ka na yi ba da na ce ban da sarki. Takalminka wani ke ɗauka, rigarka wani ke ninkewa, maganarka wani ke faɗa. Talaka yana da lungu, sarki ba shi da shi. A ina za ka ɓoye asiri?"

Sarki ya ce a saki Ilu. Ya ce, "Laifin nawa ne. A tara mutanen gari in faɗa musu da bakina."

A nan ne Waziri ya kwance rawaninsa ya ajiye a gaban sarki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na saɓa maka. Kuɗin rago ɗaya na tura, dukiyar gari tana nan. Ga rawanin, dama ya ishe ni."

Sarki ya dube shi, hawaye ya cika masa ido. Ya sauko daga karaga, ya ɗauki rawanin ya naɗa masa da hannunsa. Sannan ya tambayi Nomau yadda za a yi. Nomau ya ce akwai ma'ajiya mai mabuɗi uku, wadda ba ta buɗuwa sai biyu sun haɗu. A buga kowane mabuɗi a ƙarfensa, a ba mutum uku da ba gida ɗaya suke kwana ba.

Sarki ya ce, "Ɗaya na alƙali, ɗaya na shugaban fatake, ɗaya na Waziri."

Waziri ya ce, "Naka fa, ranka ya daɗe?"

Sarki ya ce, "Yau na kusa shayar da gari ƙishirwa, na kuma kusa korar marar laifi, duk don in ce ni ke riƙe. Ilu, wannan ka ɗaga ta da ƙarfi: farkon adalcin sarki shi ne ya san abin da bai kamata ya riƙe ba."