Masarar Lorin da Tsakuwar Tirza

Tun da aka fara kafa garuruwa a bayan ƙasa ba a taɓa zaluntar mutum kamar yadda aka zalunci Lorin Hasket ba. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma shekara arba'in ya yi yana faɗa, a coci, a bakin gona, har a zaman makokin mutane. Ya ce ko Yusufu ɗan Yakubu da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya ya fi shi sa'a, don shi dai ba a manta da sunansa ba. Zaluncin kuwa shi ne, garin da ya kafa da guminsa ba a sa masa sunansa ba. Sunan wasu tsakuwoyi aka sa.

Abin ya faru ne tun zamanin da, a yammacin ƙasar Amurka, lokacin da babu hanya babu gari, sai duwatsu da ƙishirwa. Mabiya ɗarikar nan ta Kirista da ake kira Mormon an kore su daga garuruwan gabas, an ƙone musu gidaje, suka yi hijira a amalanken shanu. Lorin yana cikin dattawansu na farko. Maharbi ne kafin ya zama mai wa'azi, dogo, da gemu har ƙirji, da wata baƙar kwat da ba ya yarda kowa ya taɓa. Kirarinsa shi ne, Lorin gemun alkama, harbi ɗaya nama biyu, na gaba da ba ya waiwaye. An ce shi ya tsara wa kansa kirarin, amma wannan maganar 'yan hassada ce.

Manyan cocinsu suka ɗora masa iyali talatin da ɗaya, suka ce ya kai su wani kwari da ke kudu ya kafa gari. 'Yan leƙen hanya da suka riga su zuwa sun bar bayani a takarda. Idan an iso wani dutse mai kai biyu, a miƙe yamma. A hannun dama akwai kwazazzabai fiye da arba'in, duk kama ɗaya, amma guda ne kawai yake da idon ruwa a cikinsa, can ciki, tafiyar rabin yini. Bakinsa yana daidai juyi dubu uku da ɗari shida na ƙafar amalanke daga dutsen. Wanda ya wuce shi, abin da ke gabansa faƙon gishiri ne na kwana huɗu.

Haka mutanen nan suke auna tafiya. Ana ɗaura jan ƙyalle a ƙafar amalanke ta baya, mutum ɗaya ya bi ta a ƙasa yana ƙirga sau nawa ƙyallen ya zagayo. Tun farkon hijira matar Lorin, Tirza, ita ke wannan aiki. Mace ce marar yawan magana. Duk juyi ɗari sai ta ɗauki tsakuwa ɗaya daga aljihun dama ta sa a na hagu, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Da safiyar da suka bar dutse mai kai biyu, ruwan da ya rage a ganguna na kwana biyu ne, tafkin da suka baro kuma yana baya da kwana uku. Naƙuda ta kama wata mata, aka kira Tirza cikin amalanken ƙarshe. Ta miƙa wa mijinta tsakuwoyinta. Lorin ya dube su, ya dubi kwat ɗinsa, ya ce duwatsu huda aljihu suke yi, ya mayar mata. Ya cika aljihun dama da soyayyiyar masara, ya shaida wa jama'a cewa lissafi irin na yau dama sai kan shugaba.

Ya ƙirga, kuma a gaskiya ya ƙirga da kyau. Idonsa bai bar jan ƙyallen ba. Sai dai tafiya ta yi tsawo, zuciyarsa ta tafi wajen garin da zai kafa, da faɗin titunansa, da yadda sunan Hasket zai zauna a bakin matafiya. Hannun hagu kuma yana nasa sha'anin.

La'asar sakaliya ya tsaya ya zazzage aljihun hagu, ya sami ƙwaya talatin da shida cif. Ya ɗaga hannu ayari ya tsaya. Aka duba dama, babu kwazazzabo ko ɗaya. Duwatsun sun ƙare tun ɗazu. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunsu fara ce fat, tana ƙara idan an taka ta, kuma a gaba kaɗan ga haƙarƙarin shanu da ragowar wani amalanke na waɗansu da ba a san su ba. Shanu suka lasa ƙasar, suka fara wani irin kuka da ba a saba ji ba. Can nesa kawalwalniya ta shimfiɗa tafki mai kyau, har wani tsoho ya nufe shi da guga, sai da aka riƙe shi.

Wasu suka ce 'yan leƙen hanya sun yi ƙarya. Wasu suka ce a koma a bi kwazazzaban ɗaya bayan ɗaya, aka tuna musu cewa kowanne tafiyar rabin yini ne, ruwa kuma ba zai kai na huɗu ba. Lorin ya hau kan amalanke ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kan jarrabawa, ya ce mai yiwuwa zafi ne ya kumbura ƙafar amalanken. Yana saukowa Tirza ta fito daga wurin mai jego, ta ja shi bayan tanti.

"Ɗan'uwa Lorin," in ji ta, don haka take kiransa idan ranta ya ɓaci, "akwai ɓawon masara a gemunka."

Ya kai hannu, ya ji shi. Nan take ya ɗanɗano gishirin masarar a harshensa. Ƙwayoyin da ya riga ya ƙirga yake ta ci tun hantsi, kuma bai san guda nawa ba.

"Jaririyar ta zo lafiya," ta ce. "Uwar ba ta da nono idan ba ta sha ba." Ta kama hannunsa ta zuba masa tsakuwoyin, ta koma.

Gari na wayewa Lorin ya sa aka cire ƙafar mai jan ƙyalle. Ya ce zai gara ta da hannu har dutse mai kai biyu, ya sake awon daga farko. Maza uku suka ce za su raka shi, ya ƙi. Har yau ana yabon wannan jarumtaka, ko da yake dalilinsa shi ne kada wani ya taya shi ƙirga.

Ƙafar ta kai masa ƙirji, ƙarfen bakinta kuma kafin azahar ya yi zafin da ke ɗaye fata. Ya cire kwat ɗin nan ya naɗe hannuwansa da ita. Ungulaye uku suka bi shi, idan ya tsaya su sauka, idan ya tashi su tashi. A bakin wani kwazazzabo ya ga sawun damisar dutse, sabo, a kan sawun shanunsu na jiya, daga nan kuma duk juyin ƙafar sai ya ji kamar akwai wani taku a bayansa. Na gaba da ba ya waiwaye ya yi waiwaye har wuyansa ya ƙage. Tsofaffi sun ce ƙafar tana kuka da sunayen yaran ayarin ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai taɓa musa wannan ba. Abin da ya fi ba shi tsoro ba damisar ba ce. Tsoronsa shi ne kansa ya juya ya ɓatar da ƙirga, don wannan karon babu wani dutse da zai sake komawa.

Ya isa dutsen da tsakuwa hamsin da biyar a aljihun hagu. Ya ƙirga su sau uku, ya cire talatin da shida, ya daɗe yana kallon sauran.

Washegari ya juyo. Harshensa ya kumbura har ba ya iya faɗin lamba, sai ya riƙa buga ƙirji da haɓa duk juyi goma. Tsakuwa ta talatin da shida ta faɗa aljihu a gaban wani tsukakken kwazazzabo da ba wanda zai kalla sau biyu. Ya jingine ƙafar a bakinsa, ya shiga da rarrafe. Da ya fito, gemunsa yana ɗiga. Ya koma ya taho da ayarin.

Shanu goma sha ɗaya suka mutu kafin ayarin ya iso ruwan, amma mutum ko ɗaya bai mutu ba. Aka kafa gari a kwarin, Lorin ya yi musu shugabanci, ya yanka filaye, ya haƙa magudanar ruwa. Ranar zaɓen suna, mai jegon nan ta miƙe ta ce ita dai daga cikin amalanke ta ga abin da aka zuba masa a hannu. Jama'a suka sa wa garin sunan da a Hausa yake nufin Tsakuwar Tirza. Daga ranar ƙorafi ya fara. Duk lokacin da ya ɗauko shi a gida, Tirza takan tambaye shi ko a soya masa masara, sai ya sauya magana.

Bayan rasuwarta da shekara guda, ranar bikin kafa gari, aka ba tsohon dama ya yi ƙorafinsa kamar kullum. Ya miƙe a gindin ƙafar amalanken da aka rataye a bakin idon ruwan, ya buɗe baki, ya nemi fuskar da takan kalle shi daga layin mata, bai gan ta ba.

"'Yan'uwa," in ji shi, "ƙafar nan ba ta kumbura ba. Ni na cinye hanyar. Ƙwaya goma sha ɗaya."

Wata mata mai shekara arba'in, wadda aka haifa a amalanken ƙarshe, ta ce ai daga bakin kwazazzabo zuwa faƙon gishiri an auna tuni, juyi dubu ɗaya da ɗari tara ne.

"To, goma sha tara," ya ce. "Amma ƙanana ne."

Har yau a garin, ranar bikin ba a cin masara sai rana ta faɗi. Kuma duk wanda aka naɗa shugaba, kafin ya yi rantsuwa, tsofaffin mata sukan karɓi kwat ɗinsa su ɗinke aljihun hagu. Wannan ɗinkin shi ake kira Hasket, kuma shi kaɗai ne abin da ke ɗauke da sunansa.