Manomin da Ake Kira Baban Likita

Akwai wani manomi a wani ƙauye wanda Allah ya ba shi sanin ƙasa. Idan damina ta kusa, mutane sukan zo gidansa neman iri, gama irinsa ba ya ƙin tsiro. Amma yana da wata al'ada mai ba masu gaggawa haushi: ba ya ba mutum iri sai ya je ya ga gonar da za a shuka shi. In ya isa sai ya tsuguna, ya tono ƙasa mai laima, ya damƙe ta a tafin hannunsa, sa'an nan ya buɗe. In ta yi danƙo tana manne wa yatsu, ya ce ta shinkafa ce. In ta dunƙule ta tsaya, ta masara ce ko dawa. In kuwa ta wargaje ta zube, ta gero ce ko gyaɗa. Ko dagaci ne ya aiko, sai an yi wannan damƙi kafin a buɗe rumbu.

Manomin nan yana da 'ya, sunanta Afiniki. Tun tana ƙarama take binsa gona, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In uban ya damƙi ƙasa, yakan miƙa mata ita ma ta damƙa ta faɗi abin da ta gani, da wuya kuma ta kuskure. A bayan ɗakin uwarta ta jera tsofaffin gwangwanaye tana gwada iri a ciki, tana rubuta ranar da kowanne ya tsiro. Uban yakan wuce ya gani ya yi dariya, ya ce wasan yara ne. A makaranta ma tana da ƙoƙari, malamanta suna yabonta.

Shekarar da ta gama sakandare, a ranar godiyar kaka, majami'a ta cika maƙil, buhunan hatsi jibge a gaba. Manomin ya miƙe ya ba da shaida. Daɗin waƙa da kiɗa ya kwashe shi, sai ya ce da yardar Ubangiji 'yarsa za ta tafi babbar jami'ar birni ta karanta likitanci, ƙauyensu kuma zai sami likitarsa ta fari. Mata suka rangaɗa guɗa. Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, babba da yaro sai Baban Likita. Bai kuwa yi shawara da yarinyar ba kafin ya miƙe, magana kuma zarar bunu ce.

Afiniki ta zauna jarrabawar shiga jami'a, ta cike takardar yadda uban ya ce. Babbar jami'ar nan kuwa dubbai ne suke neman likitanci a cikinta, kujeru kuma kaɗan. Sakamako ya fito, makinta bai kai ba. Uban ya ce ba kome, baɗi ma rana ce. Baɗi ta zo, ta sake zama, makin ya sake gazawa. Ƙawayenta suka watse makarantu, suna dawowa hutu da labarai, ita kuwa tana gida tana tuƙa tuwo. Ta daina zuwa koyon waƙa a majami'a, domin ta gaji da amsa tambaya ɗaya.

A shekara ta uku makinta ya fi na bara, amma har yanzu da sauran tazara. Sai tsohuwar malamarta ta aiko mata da saƙo cewa an buɗe damar canjin jami'a da canjin kwas ga waɗanda makinsu bai kai abin da suka nema ba, kuma ranar Jumma'a za a rufe. Akwai wata ƙaramar jami'a a jiharsu wadda take koyar da ilimin aikin gona, makin Afiniki kuwa ya isa can har ya yi saura. Yarinyar ta kasa tunkarar ubanta da maganar, sai ta gaya wa uwarta. Ranar Litinin da safe uwar ta kawo masa kunu, ta zauna gefe, ta faɗa masa a hankali.

Manomin ya ajiye ludayi ya ce, "Na kai ta makaranta ne domin ta rabu da fartanya. Har noma ma sai an je jami'a? In noma take so, ga gona nan bayan gida."

Ya faɗi haka da ƙarfi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ranar nan ya yi noma har rana ta take, ya rasa kunya nawa ya yi. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya. In ya bar takardar yadda take, ya san sunan 'yarsa ba zai fito ba, za ta shiga shekara ta huɗu a gida, ga shi kuwa da idonsa yana ganin yadda take ramewa. In kuma ya yarda aka canja, da wane ido zai dubi matan da suka yi masa guɗa? Ya riga ya ji dariyar da za a yi a rumfar kasuwa, a ce likitar ta koma kama fartanya. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya dinga bin bayan gari in zai tafi gona, don kada wani ya gaishe shi da sunan da dā yake jin daɗinsa. Addu'a kam yana yi, safe da yamma, sai dai addu'arsa guda ce: Ubangiji ya sa babbar jami'ar ta sassauta maki. Ko sau ɗaya bai roƙa a nuna masa ko shi ne ya kauce ba.

Ranar Alhamis da sassafe wani maƙwabcinsa mai suna Zakka ya yi sallama, yana neman irin shinkafa. Manomin ba ya cikin halin fita, amma al'ada ba ta barin mai ita. Ya ɗauki fartanya, ya ce wa Afiniki ta biyo su da ƙwaryar iri. Suka yi tafiya har gonar Zakka, wadda take kan tudu, nesa da fadama. Manomin ya tsuguna ya tono ƙasa, ya miƙa wa 'yarsa kamar yadda ya saba. Ta damƙa, ta buɗe hannu, ƙasar ta zube ta tsakanin yatsunta. Ta ce ta gero ce, gyaɗa ma za ta yi kyau ƙwarai.

Zakka ya ɓata fuska. Ya ce shi fa shinkafa yake so, gama ita ce mai suna. Ita ake dafa wa baƙo, ita ake ci ranar biki, kuma ya riga ya gaya wa surukansa cewa bana za su ci shinkafar gonarsa. Da aka matsa shi da tambaya, sai ya amsa cewa ya shuka ta a wurin bara da bariya, da irin da ya samo a wani wuri, ba ta kuwa yi ba. Amma yana ganin laifin irin ne, shi ya sa ya zo wurin gwani.

Ran manomin ya ɓaci, gama ba abin da ya ƙi jini kamar a wahalar da gona. Ya ce, "Zakka, irin ba shi da laifi, gonar ma ba ta da laifi. Wannan ƙasa in ka ba ta gero sai ka rasa inda za ka zuba. Shekara biyu kana tilasta mata abin da ba a yi ta dominsa ba, saboda wata magana da ka faɗa a gaban mutane. Ƙasa ba ta jin kunyar yadda Allah ya yi ta. Kai ne mai jin kunyar."

Zakka ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji, Baban Likita."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, sunan da kowa yake kiransa ne. Amma manomin ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya juya ya ga 'yarsa tsaye, ƙwarya a kai, sauran yashi a tafin hannunta, idanunta sun cika da hawaye tana ƙoƙarin ɓoyewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A hanyar komawa gida, shi da 'yarsa suka kai gindin wata ɗorawa. Nan ya tsaya, ya tambaye ta ita me take so ta karanta. Yarinyar ta ce, "Baba, ka damƙi ƙasar kowa a garin nan kafin ka ba shi iri. Ni ba ka taɓa tambayata ba." Ta gaya masa ba ta taɓa sha'awar aikin asibiti ba, ta bi ne don kada ta ba shi kunya. Abin da take so shi ne ta san dalilin da ya sa ciyawar wuta-wuta take cinye dawar mutanensu, ta kuma san maganinta.

Washegari Jumma'a suka hau motar farko zuwa gari, wurin da ake cike takardun makaranta a kwamfuta. Suka tarar da layi har bakin titi, duk 'yan rana ta ƙarshe. Sabis ɗin intanet ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Manomin yana tsaye a rana, yana duban inuwa tana gajarta sa'an nan tana tsawo, yana cewa a ransa in aka rufe kafin su kai, shi ne ya cinye wa 'yarsa shekara ta huɗu da bakinsa. Sai da la'asar ta yi sosai layi ya zo kansu. Matar da take aikin ta karanta musu sunan ƙaramar jami'ar da na kwas ɗin, ta tambaya ko ta tura, gama in ya tafi ba ya dawowa. Afiniki ta dubi ubanta. Ya ce a tura.

Ranar Lahadi, da aka ba da lokacin shaida, ya miƙe. Ya faɗa wa ikilisiya cewa shekara uku ke nan da ya tsaya a wurin nan ya yi alkawari da rayuwar da ba tasa ba, ya kuma faɗi abin da suka je suka yi a gari. Ba wanda ya yi guɗa. Waɗansu a baya suka yi murmushi, ya kuwa gani. Wani dattijo mai barkwanci ya tambaya daga inda yake zaune, to yanzu da wane suna za a kira shi. Manomin ya ce, "Ku kira ni Baban Afiniki."

Bayan kaka sunanta ya fito a ƙaramar jami'ar, ta tafi. Shekaru ukun da ta yi a zaune kuwa ba su dawo ba.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Gona ita ce ran kowane yaro da yarinya da Allah ya ba mu. Ƙasar da take cikinta ita ce baiwar da ya sa wa mutum tun kafin a raɗa masa suna, wani danƙo, wani yashi, ba kuwa wadda ya yi a banza. Iri shi ne karatun da za a zaɓa da makarantar da za a yi shi. Shinkafa abu ne mai kyau, likitanci ma haka, wanda aka yi dominsa ya nema da dukan ƙarfinsa, ko da zai zauna jarrabawa sau uku. Amma gero ma abinci ne, shi ne kuwa ya raya kakanninmu. Damƙin ƙasa shi ne tambaya da sauraro, da addu'ar da take neman nufin Ubangiji, ba wadda take miƙa masa namu ya sa hannu ba.

Ku matasa da kuke riƙe da takardun jami'a a wannan lokaci, na san waɗansunku ba sa cin abinci da daɗi. Kada ku zaɓi makaranta domin girman ƙofarta, ko kwas domin daɗin faɗarsa a gaban ƙawaye. Ku dubi makinku da gaskiya, ku dubi abin da hannunku yake yi ba tare da an sa ku ba, ku nemi shawarar malaman da suka san ku. In akwai magana a ranku, ku faɗa wa iyayenku da ladabi tun da sauran lokaci. Afiniki ta yi shiru don ta rufa wa ubanta asiri, shirun kuwa bai amfani kowa ba.

Mu iyaye kuma, a nan ne maganar ta fi nauyi, ni ma ban tsame kaina ba. Manomin nan ba mugu ba ne, yana ƙaunar 'yarsa, ya kuma fi kowa sanin gaskiyar da ya taka. Abin da ya kayar da shi shi ne sunan da mutane suka ba shi, da raina aikin da Allah ya ciyar da gidansa da shi. Da yawa a cikinmu mun riga mun raɗa wa kanmu Baban Lauya da Maman Injiniya, yaran kuwa suna ɗauke da sunan kamar dutse a kai. Waɗanda suka yi mana guɗa za su koma gidajensu, ɗanmu ne zai zauna da abin da muka shuka. Saboda haka yau in an tashi sujada, kafin a sa tukunya a wuta, kowa ya kira ɗansa ko 'yarsa da sunan da aka raɗa masa, ya zaunar da shi, ya tambaye shi, ya kuma rufe baki har ya gama ba da amsa. Ga waɗansu gidaje a cikinmu, Jumma'ar ta kusa.